Haya da Tashin Ɗan Haya a Kudancin Aljeriya: Hirafok, Tamanrasat da Hukuncin Takarda

Hirafok ƙauye ne na Buzayen Ahaggar da ke cikin ƙaramar hukumar Idles, a yankin Tazruk na jihar Tamanrasat, kimanin kilomita 100 arewa da birnin Tamanrasat, kuma ƙaramar hukumar baki ɗayanta ba ta kai mutum 5,000 ba a ƙidayar 2008. A wuri irin wannan yawancin magidanta suna zaune ne a gidajen da suka gina ko suka gada, saboda haka haya ba ta cika tasowa ba sai ta fuska biyu: ko dai an turo malamin makaranta ko ma'aikacin jinya daga wata jiha yana neman ɗakin da zai sauka, ko kuma ɗan ƙauyen ne ya koma birni neman aiki ko karatun 'ya'ya ya zama ɗan haya da kansa. Duk da haka dokar da ke hukunta wannan ɗaki guda ita ce wadda ke hukunta benaye a Aljiyas, mai nisan kusan kilomita 2,000, domin Aljeriya ba tarayya ba ce irin ta Najeriya inda kowace jiha take da dokar hayarta. Kundin dokokin farar hula ɗaya ne, wanda aka kafa ranar 26 ga Satumba 1975, kuma shi ke aiki daga bakin teku har iyakar Nijar. Cikin shekarun da suka biyo baya wannan kundi ya sauya alƙibla gaba ɗaya, daga kare zaman ɗan haya zuwa kare wa'adin da aka rubuta, ta yadda kariyar mutum a yau ta rataya a kan takardar da ke hannunsa, alhali kuwa kudancin ƙasar shi ne inda takarda ta fi ƙaranci.

Tsohuwar alaƙar mai dukiya da mai zama a cikinta a tsaunukan Ahaggar ba ta gida ba ce, ta lambu ce. A ƙarni na 19 Buzayen yankin, waɗanda makiyaya ne da fatake masu kai gishirin Amadror zuwa Damargu su musanyo gero, suka jawo manoma baƙaƙen fata daga dausayoyin Tidikelt, wajajen In Salah, domin su noma musu alkama da sha'ir da gero a bakin ƙoramu, kuma da haka ne ƙauyukan noma irin su Idles da Tazruk da Hirafok suka kafu. Sharaɗin shi ne wanda ake kira khamasa a Arewacin Afirka, wato mai ƙasa ya ba da fili da iri, manomi ya ba da ƙarfinsa, a ba shi ɗaya bisa biyar na amfanin gona, kuma zamansa a wurin ya dogara da yardar mai ƙasa. Gwamnatin da ta zo bayan samun 'yanci a 1962 ta ɗauki wannan tsari a matsayin zalunci, har dokar juyin noma ta 8 ga Nuwamba 1971 ta soke shi bisa manufar cewa ƙasa ta mai noma ta ce. Wannan ra'ayi na fifita wanda ke amfani da abu a kan wanda ya mallake shi, shi ne kuma ya shiga dokar hayar gidaje.

A birane dalilin ya fi haka bayyana, domin a 1962 Turawa kusan miliyan ɗaya suka fice daga ƙasar cikin 'yan watanni suka bar gidajensu, talakawa suka shiga ciki, daga baya dokar 6 ga Mayu 1966 ta mayar da waɗannan gidaje mallakar gwamnati, gwamnati ta wayi gari ita ce babbar mai ba da haya a ƙasar. Kundin 1975 ya ɗauko daga dokar Faransa ta 1 ga Satumba 1948 abin da ake kira haƙƙin ci gaba da zama, wanda ma'anarsa ita ce ɗan hayar da ke zaune da kyakkyawar niyya yana biyan kuɗinsa ba ya tashi don kawai wa'adi ya cika, kuma idan ya rasu iyalin da ke zaune tare da shi suna iya ci gaba. A lokacin mai gida ba ya karɓar gidansa sai ta ƙofofi ƙalilan, kamar ya tabbatar wa kotu cewa shi ko iyalinsa na kusa ne za su zauna a ciki, bisa sharuɗɗa masu tsauri. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakonta bai ɓoyu ba: masu gidaje da yawa suka gwammace su kulle gidajensu da su ba da haya wadda ba su san ranar ƙarewarta ba, waɗanda suka bayar kuma suka daina gyara, sabbin ma'aurata suka rasa inda za su kama, kariyar da aka yi wa wanda ke ciki ta zama katanga ga wanda ke waje.

Sauyin ya zo a matakai biyu. Dokar harkokin gidaje ta 1 ga Maris 1993 ta ce duk hayar gidan zama da aka ƙulla bayan fitowarta ba ta da haƙƙin ci gaba da zama, ta kuma wajabta rubuta yarjejeniya, sannan a 1994 aka fitar da samfurin takardar da za a riƙa bi. Mataki na biyu, wanda ya fi girma, shi ne doka mai lamba 07-05 ta 13 ga Mayu 2007, wadda ta sake rubuta babin haya na kundin gaba ɗaya. Sashe na 467 mukarrar, wato sashen da aka ƙara bayan na 467, ya ce dole haya ta kasance a rubuce kuma da tabbataccen kwanan wata, in ba haka ba ɓatacciya ce. Sashe na 469 mukarrar 1 kuma ya ce haya tana ƙarewa da cikar wa'adinta ba tare da buƙatar a aika wa ɗan haya takardar tashi ba. Tsofaffin yarjejeniyoyi an bar su a kan tsohuwar doka na shekara 10, wa'adin da ya cika a 2017, sai dai an keɓe waɗanda suka kai shekara 60 a ranar da aka buga dokar, su ci gaba da zama har ƙarshen rayuwarsu, ba tare da magadansu ko masu zama tare da su sun gaji wannan dama ba. Duk wanda ya amfana da wannan togaciya a yau yana gab da shekara 80 ko ya haura, saboda haka ragowar tsohon tsarin yana ƙarewa ne sannu a hankali tare da masu shi.

Kuskure ne a ɗauka cewa dokar 2007 ta bar ɗan haya hannu rabbana, domin a cikin wa'adin da aka rubuta matsayinsa yana da ƙarfi sosai. Mai gida ba shi da ikon katse haya don ya sami wanda zai biya fiye, kuma idan ya sayar da gidan, wanda ya saya ya gaji yarjejeniyar har ta ƙare. Shi kuwa ɗan haya doka ta ba shi damar fita kafin lokaci saboda dalilin iyali ko na aiki, muddin ya sanar da mai gida wata biyu kafin nan ta hanyar takarda ta hukuma, abin da ke da amfani ƙwarai ga ma'aikatan da ake yawan sauya wa wurin aiki tsakanin kudu da arewa. Manyan gyare-gyare, irin su rufi da abin da ke hana gida zama wurin zama, suna wuyan mai gida, kuma idan an gargaɗe shi ya ƙi, ɗan haya yana iya neman kotu ta rage kuɗin haya ko ta warware yarjejeniyar. Ƙananan gyare-gyaren yau da kullum kuwa na ɗan haya ne. Akwai kuma wata ƙa'ida mai sauƙi da mutane ba su cika lura da ita ba, wadda ta ce rasidin biyan kuɗi na baya-bayan nan alama ce ta cewa an biya na gabaninsa har sai an kawo hujjar da ta saɓa, don haka ajiye rasidi ɗaya na iya rufe gardamar shekara guda. A gefe guda an hana ɗan haya sauya fasalin gida ko ba wa wani haya a ƙarƙashinsa sai da rubutaccen izinin mai gida, kuma doka ta ba mai gida damar riƙe kayan da ke cikin gidan waɗanda ya halatta a kama, a matsayin jinginar bashin haya.

Mai karatun da ya yi zaman zaure zai ga cewa da yawa daga cikin waɗannan hukunce-hukunce ba baƙi ba ne a gare shi, domin mutanen Ahaggar da na ƙasar Hausa mazhaba ɗaya suke bi, kuma sashe na farko na kundin Aljeriya ya umarci alƙali ya koma ga ƙa'idojin shari'ar Musulunci inda doka ta yi shiru, sannan ga al'ada. Malaman Malikiyya sun raba hayar gida kashi biyu: wajiba, wadda aka yanka mata wa'adi sananne kuma ta zama dole a kan ɓangarorin biyu, da mushahara, wadda aka ce kowane wata kaza ba tare da an ambaci ƙarshe ba, kowa yana iya janyewa sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a Kano da Zariya kamar yadda ake karanta ta a Tuwat, ta tabbatar da cewa mutuwar mazaunin gida ba ta warware haya, kuma dokar 2007 ta tsaya kusa da haka, inda ta ce idan ɗan haya ya rasu yarjejeniya tana ci gaba har wa'adinta, tare da ba wa magadan da ke zaune da shi tun wata shida damar warware ta idan nauyin ya fi ƙarfinsu. Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne wurin hujja, domin fiƙihu yana karɓar hayar da aka ƙulla da baki a gaban shaidu, dokar zamani kuwa ta ce wadda ba a rubuta ba kamar ba a yi ta ba ce.

Ko da wa'adi ya cika, ko ɗan haya ya daina biya, mai gida ba shi da hurumin fitar da shi da hannunsa. Idan rashin biya ne, sai ya fara da gargaɗi a hukumance, sannan ya nemi kotu ta warware yarjejeniyar bisa sashe na 119 na kundin farar hula, wanda kuma ya ba alƙali damar ƙara wa mai bashi lokaci idan ya ga hali ya nuna haka. Dokar bin ƙa'idar shari'a ta 25 ga Fabrairu 2008, wadda ta fara aiki a 2009, ta wajabta wa alƙali ya fara gabatar wa masu jayayya shawarar sulhu ta hannun mai shiga tsakani, ta kuma ba wanda aka kayar wata guda daga ranar da aka miƙa masa hukunci domin ya ɗaukaka ƙara. Aiwatar da hukuncin aikin muhdir ne, wato jami'in da doka ta ba ikon isar da takardun kotu da zartar da su, wanda masu Faransanci a Nijar suka sani da wisiye. Shi zai kai wa ɗan haya hukuncin, ya ba shi kwana 15 ya tashi da kansa, in ya ƙi sai a nemi izinin mai gabatar da ƙara a zo da 'yan sanda ko jandarma, kuma ba a yin haka da dare ko a ranar hutu sai da izini na musamman. Mai gidan da ya ɓalle ƙofa ya kutsa wa ɗan haya yana fuskantar sashe na 295 na dokar laifuka, wanda ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 kan keta alfarmar mazauni, hukuncin da ke ƙaruwa idan an yi barazana ko an yi amfani da ƙarfi. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman agajin shari'a da aka kafa tun 1971. Sai dai ga mutumin Hirafok duk wannan yana nufin tafiya mai nisa a kan hanyar tsaunuka, da kuɗin mota da na muhdir waɗanda za su iya zarce hayar ɗakin da ake jayayya a kai, shi ya sa rigimar ƙauye takan ƙare a gaban liman da dattawa tun kafin ta ji ƙamshin kotu.

Idan aka gwada da Najeriya bambancin yana fitowa sarai. A Abuja, haka ma a ƙarƙashin dokar haya ta jihar Legas ta 2011, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata na wata guda, mai biyan shekara kuma na wata shida, bayan haka a ƙara masa kwana 7 na sanarwar cewa za a kai ƙara, kuma hayar baki tana da matsayi a gaban kotu. Ɗan hayar Najeriya ke nan yana da lokaci ko da ba shi da takarda, na Aljeriya kuwa yana da tabbacin wa'adinsa amma ba a ƙara masa ko yini guda na notis a kai. Faransa ta bi wata hanyar, inda tun 1956 ta hana fitar da mutane a lokacin hunturu, hanin da a yanzu yake kamawa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Wanda ya san daren Janairu a tsaunukan Ahaggar, inda ruwa kan daskare a wajajen Asekrem, ba zai ɗauki wannan tunani a matsayin abin da ya shafi Turai kaɗai ba.

Matsalar da ta fi kowacce zurfi ita ce ta mallaka. Tun ranar 1 ga Janairu 1971 dokar Aljeriya ba ta amince da cinikin fili ko gida ba sai ta hannun muwassiƙi, wato jami'in da gwamnati ta ba lasisin rubuta yarjejeniyoyi da tabbatar da su, kuma a 1975 aka fara aikin safiyon ƙasa baki ɗaya domin a ba kowane mai fili littafin mallaka. Aikin ya yi tafiyar hawainiya a Sahara, birnin Tamanrasat kuwa ya yi ta kumbura da makiyayan da farin shekarun 1970 da 1980 ya raba da dabbobinsu, da ma'aikata daga arewa, da baƙi daga Nijar da Mali, har ya haura mutum 90,000 a 2008, kuma an gina unguwanni da dama a kan filayen da ba su da takarda ko suke da takardar hannu kawai. Muwassiƙi ba ya rubuta haya sai ya ga shaidar mallaka, saboda haka mai irin wannan gida yakan ba da shi da baki, abin da ke jefa ɗan haya cikin sahun wanda doka ke kira mazauni ba tare da haƙƙi ko hujja ba, wanda ake iya neman fitar da shi ta shari'ar gaggawa. Shi ma mai gidan bai tsira ba, domin tabbatar da bashin haya ba tare da yarjejeniya ba abu ne mai wuya. A inda ake rubutawa kuwa, al'adar da ta kafu ita ce yarjejeniyar shekara guda tare da biyan kuɗin shekarar gaba ɗaya tun farko, ga la'adar dillali a kai, kuma sau da yawa akan rubuta adadin da bai kai na gaskiya ba don rage haraji, wanda hakan ke nufin idan rigima ta tashi ɗan haya ba zai iya neman a mayar masa da abin da takarda ba ta ambata ba. Yarjejeniyar shekara guda ta mayar da ƙarin kuɗi abu mai sauƙi, tun da mai gida ba ya buƙatar ya kori kowa, ya isa ya ƙi sabuntawa.

'Yan kasuwa ma sun ga irin wannan sauyi, domin kafin 2005 mai hayar shago da ya daɗe yana da haƙƙin a sabunta masa ko a biya shi diyyar tashi, amma gyaran dokar kasuwanci na 6 ga Fabrairu 2005 ya ce hayar shago dole ta bi ta hannun muwassiƙi, kuma da cikar wa'adi sai a fita ba notis ba diyya, sai in an rubuta akasin haka. Gidajen gwamnati suna da nasu tsarin: hukumar OPGI ta kowace jiha ce ke kula da su, ana ba da su ga iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce dinari 24,000 a wata ba bisa dokar 11 ga Mayu 2008, da yarjejeniyar shekara 3 da ake sabuntawa, kuma ba da su haya ga wani mutum dalili ne na ƙwace su. A ƙauyuka irin Hirafok gwamnati ta fi karkata ga ba da tallafin gina gidan kai, ma'aikacin da aka ba gidan aiki kuwa zamansa yana ƙarewa ne da ƙarewar aikinsa a wurin.

Waɗanda suka fi kowa zama a wajen inuwar doka su ne baƙin da suka shigo ta Agadas da Arlit da In Gezzam, cikinsu har da dubban Hausawa daga Damagaram, musamman Kance da Matamaye, da Maradi da arewacin Najeriya, waɗanda suka sa Hausa ta zama harshen ciniki a unguwanni irin su Gata'al Wad da Tahaggart. Dokar baƙi ta 25 ga Yuni 2008 ta wajabta wa duk wanda ya saukar da baƙo ɗan wata ƙasa ya sanar da 'yan sanda ko jandarma ko ƙaramar hukuma cikin awa 24, kuma wanda ba shi da izinin zama ba zai iya tsayawa gaban muwassiƙi ba, ballantana ya kai ƙara wurin hukumar da ke iya tsare shi. Abin da ya cike gurbin shi ne tsohon tsarin fatoma da fataken Hausa suka sani daga Kumasi zuwa Sabon Ibadan: wani ɗan ƙasarsu da ya daɗe a garin ya kama gida, ya raba ɗakuna, ya karɓi kuɗi daga kowane kai, ya tsaya tsakaninsu da mai gidan, ya kuma yi musu sulhu idan sun saɓa. Tsarin yana aiki gwargwadon amanar mai masaukin, amma a idon doka haya ce a ƙarƙashin haya ba da rubutaccen izini ba, kuma ba ta ba mazaunan wani haƙƙi da za su nuna. Tun Disamba 2014, lokacin da Aljeriya da Nijar suka fara kwashe 'yan Nijar a ayarin motoci ta Tamanrasat zuwa Agadas, tare da wasu baƙin da ake saukewa a kan iyaka su taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka, fitar da irin waɗannan mazauna ba ta bin hanyar alƙali da muhdir, tana zuwa ne da samamen jami'an tsaro, kuma wanda aka ɗauke yakan bar kayansa da sauran kuɗin hayar da ya riga ya biya, da ma ladan aikin da yake bin masu gini.